Yarinyar da Aka Kai Gwaska

Ina kan rumbun babana ina gyara jinka da hantsi, kakata ta zo ta tsaya a gindi, ta dogara sandarta, ta ɗaga kai tana kallona. Uwar babana ce, mu jikoki muna ce mata Iya. Ita kuma tun ina ƙarami maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika.

"Maigida, sauko."

"Iya, bari in ƙarasa wannan gefen."

"Gefen ba gudu zai yi ba. Sauko ka kai gatarinka maƙera."

Na ce gatarina lafiyarsa ƙalau, jiya ma na yi sara da shi. Ta yi tsaki, ta ce wai wannan ne za a kira uban wani. Sai ta rage murya, ta ce yarinyar nan ta ɗakina ciki gare ta, ta daɗe tana lura da ita. In na fara tara itacen wanka tun yanzu, wataƙila ya isa.

Na sauko na tsaya da igiyar jinka a hannu. Abin da ya fara zo mini dariya ce, sai kunya ta biyo baya, na sunkuyar da kai ina tona ƙasa da yatsan ƙafa. Na ɗauka Iya za ta ci gaba da tsokanata yadda ta saba. Ba ta yi ba. Ta dubi wajen ɗakinmu, inda ake jin ƙarar taɓarya, ta ce, "Ta yi ƙanƙanta. Kai ma haka. Allah dai ya raba lafiya." Ta juya ta tafi.

A lokacin ba a rubuta ranar haihuwa a Birnin Gwari, amma a lissafin manya shekaruna ba su wuce goma sha bakwai ba, matata kuma tana cikin ta goma sha huɗu. Ba wanda ya tilasta mana. Tun tana tallan dakuwa a dandali nake saye a wajenta ko ba na jin yunwa, kowa a unguwa ya sani. Abin da ya sa aka gaggauta shi ne gidanmu ya zama babu mace mai ƙarfi. Uwata ta rasu, yayana an ɗauke shi soja lokacin da Turawa ke yaƙinsu, Iya kuwa hannunta ya daina iya daka. Babana ya ce tun da yaran suna son juna, a yi kawai. Ta tare da tukwanenta da ƙorenta, da wasu 'yan duwatsu masu santsi da take carafke da su. In na dawo daga gona muka ga Iya tana barci, mukan zauna bayan ɗaki mu yi, tana cinye ni tana dariya.

A wajenmu itacen wankan jego a wuyan miji yake. Mace in ta haihu, sai ta yi arba'in tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, tana shan kunun kanwa, tana kwana a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, don kada sanyi ya shige ta. A haihuwar fari ma akan wuce arba'in ɗin. Wutar nan ba ta kara ba ce, sai gungume. Da tarin itacen ake gane irin mijin da yarinya ta samu, mata in sun zo barka sukan tsaya su dube shi kafin su shiga ɗaki.

A shekarun nan ne Turawa suka shata wani yanki na dajinmu suka ce gandun daji ne, ba a sara a ciki. Busassun itatuwan da ke kusa da gari duk sun faɗa cikin shatin, don haka sai in zagaya can baya, ta wajen rugar Fulani, inda ƙudan tsando yake. Marke nake nema da ƙirya, su ne ke daɗewa a wuta. In fita da sassafe da gatari da goran ruwa, in kayar, in faskara, in ɗora wa jakin maƙwabcinmu in na samu aro, in ban samu ba in ɗauko a ka. Abokaina da ba su yi aure ba suna bakin rafi suna wankin zinariya kusa da ramukan da wani Bature ya buɗe. In na zo wucewa da kaya sai su ɗaga murya.

"Sannu, Baba! Ran uban 'ya'ya ya daɗe!"

"Ku ba shi hanya, kada gemunsa ya maƙale a ƙaya."

Ko gashi ɗaya babu a haɓata. Ina zaginsu ina dariya, amma a raina daɗi nake ji. Ban san tsoro ba tukuna. A ganina aikin da aka ba ni shi ne itace, in na tara da yawa na gama nawa, sauran na mata ne.

Ita kuwa cikin ya yi mata nauyi da wuri. Ba ta da jiki, in za ta tashi daga zaune sai ta dafa bango. Ta daina carafke. Ana gobe za a zo a tafi da ita gidansu goyon ciki, na same ta da la'asar tana ɗaure kayanta a zane. Ta leƙa ta ga Iya ba ta kusa, ta ce in zauna.

"Ka san a hannun wa na tashi?"

Na sani. Ita ma 'yar fari ce. Da aka yaye ta aka ba wata kakarta a Damari, sai da tsohuwar ta rasu aka dawo da ita wajen uwarta, ta riga ta yi wayo. Har ta yi aure ba ta iya zama tabarma ɗaya da uwar ba, tana gaishe ta kamar baƙuwa.

"Nawa ba za a ba kowa ba," in ji ta. "Ko da za a ce ba ni da kunya. A ɗakin nan zai tashi."

Na ce ai ɗan fari na dangi ne, haka ake yi.

"Na san haka ake yi. Kai nake gaya wa. In sun zo da maganar ka ce a'a. Kai namiji ne, za su ji."

Na ce to. Ta ce in faɗa da kyau, ba to na yara ba. Na ce, "Na ji. Ba za a ba kowa ba."

Gidansu yana ɗaya unguwar, kusa da marina. Can na riƙa kwashe itacen. Ba na shiga, saboda kunyar surukai. In sauke a bayan danga in bar wurin kafin surukina ya fito. Kafin ruwan farko ya sauka, tarin ya kai tsayin dangar, har masu zuwa marina suna tambayar na wane ne.

Naƙuda ta zo a farkon damina, kuma ta daɗe. Ba a gaya wa miji irin wannan. Na dai ga Iya ta tafi gidan surukaina ba ta dawo ba, washegari ma ba ta dawo ba, babana yana ta aikawa wajen malamai a yi rubutu. Asibiti sai Kaduna, mota ba kullum take zuwa ba, kuma ba wanda ya kawo maganar. Da Iya ta dawo ta zauna a bakin zaure, ta jingine sandarta. Ta ce an samu mace, an rabu, amma uwar ta sha wuya don ƙugunta bai gama buɗewa ba. Jaririyar kuwa, sai ta haɗa tafin hannunta biyu ta nuna mini, ta ce kamar ɗan kurciya.

Ranar suna na gudu gona, yadda angon ƙarni kan yi. A can aka same ni aka ce an sa mata sunan uwata. Sai kunyar ta zama biyu: 'yar fari ce, ba a kiran sunanta, ba a ɗaukarta gaban mutane, ga shi kuma sunan na uwata ne, wanda bakina bai taɓa faɗa ba. Har yau ban kira ta da shi ba.

Bayan suna da 'yan kwanaki Iya ta ce ƙafafun mai jego sun kumbura. Ungozoma ta duba ta ce sanyi ne ya shige ta wajen doguwar naƙudar nan, a ƙara wuta, a ƙara kanwa a kunu. Kowa ya yarda, don abin da aka yi wa iyayenmu da kakanninmu ke nan. Tarin da nake alfahari da shi ya fara ƙasa da sauri. Aka aiko mini cewa ba zai kai ba. Na koma daji cikin damina, ciyawa ta fi tsayina, ina neman ƙiryar da ta bushe a tsaye. In na samu, in bar noma in yini a kanta.

Wata safiya na sauke kaya a bayan dangar, na juya zan tafi, sai na ji murya daga ciki.

"Kai ne?"

"Ni ne."

"Na gane saukar kayanka. Kai kaɗai ke jefar da itace kamar kuna faɗa."

Na matsa na leƙa ta inda zana ta ɓule. Tana zaune a kan turmi kusa da wurin wanka. Da ba don muryar ba, da ban gane ta ba. Fuskarta ta cika har idanun sun shige, ƙafafun kamar ba nata ba, fatar kafaɗarta ta saɓule inda ganyen wanka ke sauka. Tana magana tana tsayawa ta ja numfashi.

"Ba na iya kwanciya. Sai a zaune. In na kwanta kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji."

Na ce sannu.

"Ɗakin nan zafi. Ka daina kawowa mana, ko sa bar ni in huta."

Da murmushi ta faɗa. Na ce ai sun ce sanyi ne, sai an gasa shi zai fita. Ta ce to. Sannan ta ce, "Ka gan ta kuwa?"

"Ban gani ba."

"Kunya kake ji? Ba kowa, Inna ta tafi rijiya."

Ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki, ta fito da ita a tsumma, ta kawo ta daidai ɓular. Na ga kunne, na ga hannu da bai fi babban yatsana ba, yana buɗewa yana rufewa.

"Hancinka ta ɗauko," in ji ta. "Allah sarki, an cuce ta."

Na yi dariya, ita ma ta fara, sai tari ya kama ta. Muka ji sallamar uwarta daga ƙofar gida, na bar wurin. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Saura kaɗan ta cika arba'in. An gama wankan safe, ta jingina da bango ta ce a ba ta ruwa, kafin a kawo ta cika. Ina gona ina maimai wani maƙwabcinsu ya zo ya tsaya a kan kunyar gonar, ya cire hularsa ya mayar, ya ce babana yana nemana a gida. Kafin azahar an kai ta. Masu gaisuwa suka riƙa durƙusawa gaban babana da surukina. Ni kuwa in sun zo fita sai su dafa kaina su ce yaro ne, Allah zai ba shi wata.

Shekaru da yawa bayan haka, na riga na yi furfura, na ji wani likita yana bayani a rediyo cewa mai jegon da ta kumbura tana haki zuciyarta ce ta gaji, zafi da kanwa ƙara mata nauyi suke yi, kuma yarinyar da jikinta bai gama girma ba ta fi shiga hatsari wajen haihuwa. Na saurara har ya gama. Ban ga laifin ungozoma ba, ban ga na uwarta ba. Da abin da suka sani suka yi ƙoƙarin ceton ta.

Jaririyar ta rage babu nono. Wata Bafillatana da ke kawo wa gidan tallan nono ta riƙa kawo madarar da aka tatsa da safe, ana ɗiga mata. Cikinta ya ƙi, ta kama gudawa, kukan ma ya daina fita sosai. A cikin masu zuwa gaisuwa akwai gwaggon matata, ƙanwar surukina, da ke aure a Gwaska. Tana goyon ɗanta a lokacin. Ta ɗauki yarinyar ta sa mata nono, ta kama.

Ranar sadakar bakwai manya suka zauna a zauren surukina, shi da babana da liman. Ba a kira ni ba. Daga waje na ji ana cewa Gwaggo za ta tafi da ita. Na tuɓe takalmi na shiga na durƙusa. Ban taɓa magana gaban surukina ba sai ranar. Na ce, "Ta ce kada a ba kowa."

Surukina ya dubi babana, bai dube ni ba.

Babana ya ce, "Kai za ka ba ta nono? Tashi ka ba mu wuri."

Liman ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ɗana, ba kyauta aka yi ba. Shayarwa ce. In an yaye ta, 'yarka ce, ka je ka ɗauko abarka."

Gaskiya suka faɗa, na sani. In ta zauna a gari mutuwa za ta yi. Washegari na tsaya nesa a bakin hanya, na ga Gwaggo ta wuce da ɗanta a baya, tawa kuma a ƙirji cikin zane, mijinta yana gaba da sanda.

Gwaska tafiya ce ta cikin daji, kuma in damina ta yi nisa rafuka kan cika su raba ta da ko'ina. Sai da rani ake zuwa. Uba ba ya tashi ya ce ya zo ganin 'yar fari, dariya za a yi masa, don haka na nemi dalili. Na kafa amya a bayan gonarmu, in na sha zuma sai in cika gora in ce na kawo wa Gwaggo. In zauna a zaure da mijinta muna hirar gero da haraji, ina kallon tsakar gida ta gefen ido. Ɗan Gwaggo ya tashi ya yi tafiya, ya fara gudu, tawa tana zaune inda aka ajiye ta. Kanta ya fi jikinta, kullum da tari. Gwaggo ta ce ba ta taɓa ganin yaro mai wuyar raino irinta ba, sau biyu suna cire rai.

Da aka yaye ta na je na yi maganar, ta bakin mijin Gwaggo. Aka kira Gwaggo, ta tsaya a bakin ƙofa da muciya a hannu.

"Ka kai ta wajen wa? Tsohuwar da ita ma riƙe ta ake yi? Ko a bayanka za ka goya ta ka tafi gona?"

Na ce Iya tana da sauran ƙarfi.

"Ɗan nan, ka dubi yarinyar nan da kyau. Ko tsayuwa ba ta yi. Ka je ka yi aure tukuna, mu ga matar."

Na dawo da niyyar yin haka. A shekarar aka zo ɗiban gwamna, aka ce kowace unguwa ta ba da samari su je haƙar kuza a Jos. Mai unguwa ya duba ya ga ni ba ni da mata, ba ni da ɗa a gabana, ya sa ni. Da ina da iyali a ɗaki wataƙila da ya tsallake ni. Na yi watanni a can cikin sanyin da ban taɓa ji ba, na dawo da ciwon ƙirji na tarar Iya ta rasu. Kafin in warke, in gyara gonar da ta koma saura, in samu wadda za ta aure ni, damina uku ta wuce.

Matar da na aura mutuniyar kirki ce. Tun kafin a ɗaura na gaya mata akwai yarinya a Gwaska, ta ce a kawo ta, ita ma a hannun matar uba ta tashi. Da kanta ta saƙa mata 'yar tabarma. Na cika gora da zuma na kama hanya.

Ina sallama na ji ƙaramar murya daga ciki tana cewa, "Inna, ga mai zuma ya zo." Ta leƙo ta bayan Gwaggo, siririya, tana riƙe da gefen zanenta. Ta yi tafiya, ta yi baki, amma in ka gan ta kusa da ɗan Gwaggo sai ka ce ya ba ta shekara biyu. Gwaggo ta ce, "Ke, wane irin mai zuma? Babanki ne. Durƙusa ki gaishe shi." Ta dube ni, ta dubi mijin Gwaggo da ke zaune kusa da ni, ta fashe da kuka ta ruga ɗaki.

Da yamma muka zauna. Na ce na yi auren, na zo ne a kan maganar da liman ya yi. Gwaggo ba ta yi faɗa ba wannan karon. Ta zauna a ƙasa ta ce ita ba ta hana ni 'yata ba. Amma ita ta san tarin yarinyar, ta san wanda ake jiƙa mata saiwa da wanda ake barinta ta yi barci. Ta ce, "Na kwana zaune da ita a ƙirjina fiye da wanda na haifa. In ka ɗauke ta yau, ka ɗauki wadda ba ta san ka ba, ka kai ta wajen wadda ba ta san ta ba." Tana faɗa tana share ido da bakin mayafi. Mijinta ya ce kada a yi gaggawa. A bari a yi girbi, bayan kaka sai ya zo gari, a zauna da babana da surukina, a yanke magana ɗaya.

Na ce to. Shekaruna ashirin da 'yan kai, su kuwa sun haife ni. Ban san yadda ake ce wa irinsu a'a ba. Kuma kukan da yarinyar ta yi yana kunnena.

Kaka ta zo, mijin Gwaggo bai zo ba, aka ce fara ta yi musu ɓarna. Wata shekarar surukina ba shi da lafiya. Ni ma matata ta fara haihuwa, gida ya cika, na shiga neman abin da za a ci. Amma ban fasa zuwa da rani ba.

Akwai zuwan da na yi tana da kamar shekara tara. Na same ta a hanyar rafi da ƙaramin tulu, ta sauke shi tana hutawa, sauran yaran sun yi gaba sun bar ta. Na ce ta kawo in ɗaukar mata. Ta ce a'a, za a yi mata dariya. Muka tsaya. Ba kowa a hanyar, sai na samu na dube ta sosai. Goshin uwarta ne, da yadda take karkatar da kai in za ta yi tambaya.

"Wai da gaske kai ne babana?"

Na ce da gaske ne.

"To me ya sa ba ka kiran sunana?"

Na ce sunan uwata ne, ba na iya faɗa. Ta yi tunani, ta ce ita ma in ta girma ba za ta faɗi sunan Inna ba. Gwaggo take nufi. Sai ta ce, "Yara sun ce ni na kashe wadda ta haife ni."

Na ce ƙarya suke yi, ciwo ta yi, kuma ta ɗauke ta a hannu ta nuna mini ita tana dariya.

"Babba ce?"

Na ce a'a. Kaɗan ta fi ta tsawo.

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake yi. Na ce ko za ta bi ni gari ta ga ƙannenta. Ta ce in Inna za ta je, za ta je. Ta durƙusa ta ɗora tulun a ka da kanta, na bi ta a baya muna tafiya a hankali, tana tsayawa tana tari.

Da ta kai shekarun da aka aurar da uwarta, manema suka fara zuwa. Mijin Gwaggo ya aiko mini, don a shari'a ni ne waliyyi. Na tafi da ƙafata. A karo na farko na zauna gabansu ban sunkuyar da kai ba. Na ce abu ɗaya nake roƙo, a bar ta ta ƙara girma, ko da mutanen gari za su yi magana. Gwaggo ta dube ni ta daɗe, ta ce, "Ni ma na zauna makokin uwarta. An bari." Suka riƙe ta shekara uku a kan haka, ana ta surutu a ƙauyen. Sannan aka ba da ita ga wani manomi a Gayam. Na wakilta mijin Gwaggo ya ba da auren, don a gidansa ta tashi, daga ɗakin Gwaggo aka ɗauke ta. A shekarar Turawa ba su riga sun tafi ba.

Tana Gayam har yanzu, ta yi jikoki. Jikinta bai taɓa yin ƙarfi ba, amma ta rayu. In ta shigo gari asibiti ko biki takan biyo ta gaishe ni. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta tambayi jikina, ta ajiye ɗan abin da ta kawo, daddawa ko gyaɗa. In na ce ta kwana, sai ta ce an bar yara su kaɗai, motar yamma za ta bi. 'Ya'yana na gida suna ce mata Yaya ta Gayam, suna girmama ta kamar baƙuwar da ake jin nauyi. Ba ta taɓa kwana a gidana ba.

Babana ya rasu, surukina ya rasu, liman ma. Gwaggo da mijinta sun bi su. Zaman da aka ce za a yi bayan kaka a kan dawowarta, ba a yi shi ba.